Bokitin da Na Rataya a Zauren Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da ilimina ya zubo mini a ka ba, ina tsaye cikin farar shadda a gaban dattawan Kusada da na Kankia. Yau shekaru sun ja, furfura ta cinye kan, amma har gobe idan na ji bokiti ya faɗi ƙasa sai kunnuwana su ɗauki zafi. Matata ta san da haka, shi ya sa wani lokaci take sakin nata da gangan.

Abin ya faru ne a shekarun da kuɗin mai ya fara kwarara, gwamnati tana kwasar samari tana turawa karatu ƙasashen waje. Ni ɗan manomin gyaɗa ne daga Kankia, rabo ya kai ni Ingila, na shekara bakwai ina karatun ƙarfe. Ba kowane ƙarfe ba kuwa (haka nake faɗa a lokacin, ina ɗaga hanci). Nawa shi ne gaurayen ƙarfen nikel, wanda ake yin fukafukan cikin injin jirgin sama da na manyan injinan wutar lantarki da shi. Waɗannan fukafukai suna juyi ne a cikin wuta, sun yi jawur, ga nauyin juyin yana jan su. Ba sa narkewa, ba sa karyewa nan take, amma kullum suna ƙara tsawo kaɗan-kaɗan, yadda ido ba ya gani, har ranar da ɗaya zai tsinke ya tarwatsa injin. Wannan miƙewa a hankali ita muke kira rarrafen ƙarfe.

Aikina shi ne in faɗi ranar tsinkewar tun kafin ta zo. Mukan sa guntun ƙarfe a tanderu, mu rataya masa nauyi, mu yi ta auna tsawonsa na makonni. Da farko yakan miƙe da ɗan sauri, sai ya lafa ya daɗe yana tafiya a hankali, can sai ya sake zabura, wani wuri a jikinsa ya sirance, ya tsinke. Daga waɗannan alƙaluma nake gina lissafi, in huda shi a kati, in kai wa kwamfuta (a lokacin ita kaɗai ta cika ɗaki guda), ita kuma ta gaya mini shekara nawa ƙarfen zai yi a cikin inji. Da aka ba ni takardar shaida na dawo gida, gaskiya ban ga wanda ya kai ni sanin ƙarfe ba daga nan har bakin teku.

An ba ni hutun wata guda kafin in kama aiki a wata tashar wutar lantarki a kudu, kuma a cikin watan nan nake so a ba ni Saude. Malamar firamare ce a Kankia, mun daɗe muna musayar wasiƙa, ita ta amince, ni kuwa ba a magana. Saura mahaifinta, Malam Hamisu, babban maƙerin Kusada, wanda garmar shanunsa ta yi suna har Yashe da Kunduru. Bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Ya ce a turo manya, zai ba da amsa a gabansu.

Saude ce ta tsegunta mini abin da ke damunsa. Wai ya ji an ce na shekara bakwai ina karatun ƙarfe, ya tambaya ko na taɓa ƙera lauje, aka ce a'a. Basilla fa? Aka ce ko ita. Sai ya ce shi bai san yadda zai ba da ɗiyarsa ga mutumin da ba a iya ganin aikinsa da ido ba. Maganar nan ta soke ni. Mai hankali da ya je ya sami Baffa Idi, ƙanin mahaifina kuma waliyyina, ya bar manya su daidaita. Ni kuwa sai na yanke shawarar zan nuna wa maƙeri ƙarfe.

Akwai wani gwaji da malaminmu ya yi mana a shekarar farko. Wayar dalma, irin wadda masu gyaran rediyo ke liƙi da ita, ba ta buƙatar tanderu kafin ta yi rarrafe, domin zafin ɗaki kawai a wurinta kamar wutar inji ne a wurin nikel. Ka rataya mata nauyi ka koma gefe, za ta yi duk abin da fiffiken inji ke yi, a cikin kwanaki maimakon shekaru. Alƙaluman gwajin nan suna cikin tsohon littafina, kuma na zo da shi. Na sayi waya mai kauri ɗaya da wadda muka yi gwajin da ita a wurin wani mai gyaran rediyo, na zauna da takarda da fensir na yini guda, na fito da amsa: idan na rataya mata galan ɗaya na ruwa, kwana goma sha huɗu za ta yi ta tsinke.

Ranar Juma'a da hantsi na isa Kusada da wayata da sabon bokiti. A al'ada, mai neman aure ba ya tsayawa hira da uban yarinya. Ka durƙusa daga nesa, ka gaida shi kanka a ƙasa, ka tashi ka ba shi wuri. Ko ni da duk rawar kaina ban isa in keta wannan ba, don haka na bi ta hannun Tanimu, ƙanin Malam Hamisu, wanda ke riƙe masa zugazugi tun suna samari. Na yi wa Tanimu bayani, ya saurara baki buɗe, ya zagaya maƙera ya faɗa wa yayansa. Ina jin masaba ta tsaya. Can sai na ji muryar tsohon ta bayan bango ya ce a bar ni in rataya.

Zauren gidan sabon rufin kwano ne da shi, irin wanda masu hali suka fara yi a lokacin, kuma bangonsa na gabas shi ne bangon maƙerar. Na ga kwanon, na ji ɗumin bangon a bayana lokacin da na hau turmi ina ɗaura waya a katakon rufi, har gumi yana shiga mini ido, domin tsakiyar bazara ce. Duk na gani, na ji, ban ɗauki komai a ciki ba. Ruwa kuma, da na ga rijiya da nisa, sai na ɗebo daga rabin gangar da suke tsoma jan ƙarfe a ciki, baƙi ƙirin da gawayi da tsatsa. Na ce ai nauyi nake nema, ba sha za a yi ba. Na rufe bokitin da faranti, na rataye shi can sama, na sauko na kakkaɓe hannu.

Sannan na ɗaga murya yadda za a ji ni a maƙera, na ce wa Tanimu wayar nan za ta tsinke ranar Juma'a ta sama, ba wannan mai zuwa ba, kuma idan na yi kuskure bai wuce na yini ɗaya ba. Na ƙara da cewa wannan shi ne aikina, sanin ajalin ƙarfe. (Wallahi haka na faɗa. Ajalin ƙarfe. Har yanzu idan na tuna sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.) Na koma Kankia ina fito, ban sake leƙa bokitin ba, domin a ganina wanda ya yi lissafi ba ya buƙatar gadi.

Ranar Litinin Tanimu ya shigo Kankia sayen tsofaffin sifirin mota, ya biyo ta gidanmu. Bayan gaisuwa ya ɗan sosa ƙeya ya ce, “Yaya ya ce a tambaye ka. Can inda kuka auna abin ga, kuna sa rigar sanyi cikin ɗakin?”

Na yi dariya, na ji daɗi ma, na ce a raina ashe tsohon ya fara sha'awar labarin Turai. Na zaunar da Tanimu na ba shi labarin ƙanƙara tun daga farko, yadda take zuba kamar auduga, yadda muke sa riga uku da safar hannu a ɗakin gwaji, yadda har malaminmu ke aiki da hular ulu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce to zai faɗa mishi. Ya hau kekensa ya tafi. Mutumin da ya shekara bakwai yana koyon cewa ɗan ƙarin zafi kaɗan yana iya raba rayuwar ƙarfe biyu, an aiko masa da amsar jarrabawa har gida, ya mayar da ita da labarin ƙanƙara.

Alhamis ita ce ranar da manya za su je. Ni na tuƙa su, Baffa Idi da dattawa biyu na unguwarmu, da ƙwaryar goro da alewa a bayan mota. Na cire kwat da wandon nan mai faɗin ƙafa da muke yayi, na sa farar shadda sabuwa dal da hula, don a ga ɗan mutunci. Muna isa bayan azahar Baffa ya nuna mini inuwar wata bishiyar bedi nesa da ƙofar gidan, ya ce in zauna a mota kada in motsa, domin ba a neman aure da ango a wurin. Na ce to.

Na zauna, na kuma yi niyyar zama. Amma sai na lura mutane suna ta shiga zauren, fiye da waɗanda neman aure ke tarawa. Ashe labarin bokitin ya zaga gari, har daga ƙauyuka ana zuwa kallo. Wani mai wucewa ya leƙo motar ya tambaye ni ko ni ne mai bokiti, na ce ni ne, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya wuce yana murmushi. Nan fa zuciyata ta fara raya mini cewa ga jama'a sun taru a kan aikina, ba mai yi musu bayani. Minti ashirin na iya daurewa. Na ce bari in leƙa kawai, in ga inda bokitin ya kai, in dawo.

Na cire takalmi, na yi sallama, na durƙusa na gaida kowa. Baffa ya watso mini wani kallo da na yi kamar ban gani ba. Zauren ya cika maƙil, zafi kamar gidan burodi, an shimfiɗa tabarmi an bi bango da su, dattawa sun jeru kafaɗa da kafaɗa. Malam Hamisu yana can kusurwa, kansa a sunkuye yana jan carbi. Tsakiyar zauren kuwa fayau, ba tabarma, ba kowa, an share wurin tas. Ina ganin haka na ce a raina, Allah sarki, mutanen nan sun san darajar ilimi, har fili suka bar mini. Wani tsoho ya tambaya ko wannan ne yaron, aka ce shi ne, ya ce to a tambaye shi yaushe ne abin zai hwaɗo. Ban jira an tambaye ni ba. Na miƙe na taka har tsakiyar filin nan na tsaya.

Na fara da injin jirgin sama. Na yi bayanin nikel da abubuwan da ake gauraya masa, da yadda ƙwayoyin cikin ƙarfe ke zamewa a kan juna idan wuta ta yi yawa. Baffa ya yi gyaran murya, na ɗauka ƙura ce. Na shiga matakai uku na rarrafe, ina zana su a iska da yatsa. Baffa ya sake gyaran murya, wannan karon har da kiran sunana ƙasa-ƙasa. Na lura ba wanda ke kallon fuskata, duk idanu suna bisa hulata, kuma dattawan da ke kusa suna ta tattare bakin rigunansu suna cusawa ƙarƙashin cinya. Na fassara wannan da cewa natsuwa ce, suna gyara zama don su ji da kyau.

Ina cikin bayanin mataki na uku, inda nake cewa idan ƙarfe ya kusa tsinkewa sai miƙewarsa ta riƙa ninkuwa, idona ya sauka a kan bangon da ke gabana. Wani ya yi zane da gawayi a jikinsa, gajerun layuka a jere daga sama zuwa ƙasa, kowanne daidai inda gindin bokitin ya kai a lokacin. Na sama suna da ɗan tazara. Na tsakiya sun matsu da juna, da yawa, tazararsu ɗaya. Na ƙasa kuwa sai buɗewa suke, kowanne ya fi na bayansa nisa, na ƙarshen ya kusa taki guda. Na shekara bakwai ina kallon irin wannan zane a takarda. Ban taɓa ganin wanda ya kai shi kyau ba, kuma ban taɓa karanta wani da sauri kamarsa ba. Bakina dai bai samu labari ba, yana ta cewa, “Saboda haka, bisa lissafi, saura kwana takwas.”

Na ɗaga kai. Gindin bokitin yana dab da hulata, wayar kuma a wani wuri ta sirance ta koma kamar zare. Ina kallonta ta rabu.

Bokitin ya sauka a kan hula, ya kife, farantin ya yi nasa wuri yana ƙara. Galan guda na baƙin ruwan maƙera, wanda ya kwana shida yana ɗumi a ƙarƙashin kwano, ya bi ta fuskata, ya shiga wuyan riga, ya gangara har cikin wando. Farar shaddar nan ta koma kalar gindin tukunya. Ban ji ciwo ba, kuma na so a ce na ji, domin da na samu dalilin faɗuwa a ɗauke ni. Ina nan tsaye, yatsana ɗaya har yanzu a sama, ruwa yana ɗiga daga gemuna.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi kashe ni ke nan. Dattawa suka duƙufa kallon tabarma kamar an rubuta wani abu a jikinta. Baffa Idi ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, har yau ban sani ba ko kuka yake ko dariya. Tanimu ne ya kasa, ya fice da gudu ya zagaya maƙera, muna jin sa ta bayan bango yana shessheƙa. Daga cikin gida kuma, inda ƙarar farantin ta kai, aka fashe gaba ɗaya, kuma a cikin muryoyin na tsinkayi wadda na sani. A lokacin na sallama. Na ce shi ke nan, Saude ta tafi, ni kuma gobe da asuba zan bar ƙasar Katsina ba zan sake dawowa ba.

Malam Hamisu ya ajiye carbinsa. Bai dube ni ba, domin ba ya cikin al'ada, sai ya fuskanci Baffa ya yi magana a hankali. Ya ce dalma ba ta son zafi, ko a hannu ka riƙe ta ta daɗe sai ta yi laushi, balle a ƙarƙashin kwano a bazara, jikin bangon da wuta ke ci a bayansa tun safe. Ya ce tun daren farko ya ga abin yana sauka fiye da yadda yaron ya faɗa, shi ya sa yake sa alama bayan kowace salla, kuma shi ya sa ya aika a tambaya ko a wuri mai sanyi aka yi awon. Ya ce shi a nasa ganin sai la'asar za ta tsinke, don haka ya ce a janye tabarmi, ga shi ta riga shi da kusan awa guda, shi ma ke nan bai cika gwani ba. A nan ne dattawa suka samu ƙofa, dariyar da aka danne ta ɓalle, har da masu share hawaye.

Da aka lafa sai ya ce, “Malam Idi, yaron ga lissahinshi ya ɓace, wannan kowa ya gani. Amma abin da ya ce ƙarhe na yi, haka shi kai, ga shi nan a bango, ni ban san ana karanta shi a makaranta ba. Kuma na shekara arba'in ina ƙira, ban ga maƙeri da yawa da za su rataya aikinsu su tsaya ƙarƙashinshi ba. Wanga ya tsaya. Na ba shi ɗiyata.”

Baffa ya buɗe fuska ya yi godiya, aka shafa fatiha, ni ma na shafa da baƙaƙen hannuwana, abin da ya ƙarasa ɓata inda ruwan bai samu ba. Ban ga amfanin in tashi in ce ba jarumta ce ta tsayar da ni a wurin ba, ban san bokitin yana kaina ba ne. Na tabbata tsohon ya fi ni sanin haka. Ya ga yaro ya jiƙe a gaban mutane, ya nemo masa abin da zai rufa da shi, kuma tun daga ranar nake ƙaunarsa har ya bar duniya.

Kafin mu tafi na roƙi Tanimu ya ara mini fensir, na tsaya gaban bangon ina ɗiga, na auna layukan gawayin nan ɗaya bayan ɗaya na kwafe a bayan takardar alewa. Da na sake lissafin a gida, na sa zafin zauren Kusada a maimakon na ɗakin da malaminmu ke sa hular ulu, sai amsa ta fito kwana shida da 'yan awoyi. Lissafin ba shi da laifi ko kaɗan, mai lissafin ne ya baro hankalinsa a Ingila. Dattawan da na tuƙo kuwa sun ƙi yarda in zauna a kujerar mota sai da aka shimfiɗa mini buhu.

Na yi shekara talatin ina aikin injinan wuta, daga baya na koyar. Duk wanda ya kawo mini lissafin rayuwar ƙarfe, komai kyan zanensa, tambayata ta farko ita ce a wane zafi aka auna, kuma a wane zafi za a yi aiki da shi. Ɗalibai suna cewa na cika naci a kan wannan, ban taɓa gaya musu dalili ba. Darasi na biyu kuwa ba ya cikin kowane littafin ƙarfe, kuma shi ya fi yi mini amfani a rayuwa: idan ka shiga taro ka tarar dattawa sun matsu a jikin bango sun bar tsakiya fayau, ba don kai suka bari ba. Ka fara ɗaga kai ka duba sama kafin ka buɗe baki.